Amsar Wasiƙa: Mashanyar Rigar 'Yar Ruwa

Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗan'uwa ce mai kai gwanjo kasuwannin ƙauye. Ya ce ya kwance dila, sai ga wata riga mai siffar jelar kifi. Ruwan sama ya taɓa ta, ta ƙi bushewa, har ta soma wari, ga maƙwabtan rumfa na cewa kayan aljanu ne. Yana tambaya, mece ce wannan, kuma yaya zai yi da ita?

To Malam, kwantar da hankalinka, ɗinkin mutum ne. Rigar iyo ce ta masu kwaikwayon 'yar ruwa ta tatsuniya. A wani wuri da ake kira Weeki Wachee a jihar Fulorida ta Amurka, tun 1947 wani mai suna Newton Perry ya buɗe gidan kallo inda mata ke wasa a ƙarƙashin ruwa, suna shaƙar iska ta mesa. Rigar iri biyu ce. Akwai ta yadi mai talewa, wadda ake zura mata faifan roba a ƙafa, akwai kuma ta roba zalla mai nauyi. Warin da ka ji daga ciki yake. Rigar kamar buhu take, bayanta ya bushe, cikinta na jiƙe, sai fumfuna ta kama. In ka haɗa ta da sauran kaya a haka, to ka ja wa dilarka asara.

Ga yadda za ka haɗa mata mashanya. Sami bokiti ka cika da yashi. Nemo gora biyu, ko bututun roba na famfo mai inci 1, kowanne ya fi rigar tsawo da kamar ƙafa 2. Goge su sumul, don ɗan tsini kaɗan ya isa ya tsage yadin. Kafa su cikin yashin, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsu, sannan ka naɗe kawunansu da tsohuwar safa ko tsumma. In bututu ne, huda shi wuri-wuri don iska ta ratsa. Kada ka sa ƙusa ko waya, tsatsa za su bari.

Daga nan zare faifan, ka ɗauraye rigar da ruwa mai tsabta ciki da waje. Kada ka murɗe ta wajen matsa. Kife ta a kan gorar, ƙugu ƙasa, jela sama, yadda ruwa zai tsiyaye, iska kuma ta shiga ta ƙasa. Bakin ƙugun kada ya taɓa yashi. In jelar ta lanƙwasa, tallafe ta da ƙyalle ka ɗaure a jikin azara.

A inuwa za ka ajiye, inda iska ke kaɗawa, domin zafin rana yana kashe talewar yadi, ya kuma koɗar da launi. Kafin ka ninke, zura hannu har ƙarshe ka tabbata babu danshi. Manoman fadama ma, wannan mashanya za ta yi muku aiki wajen busar da dogon takalmin roba.

Sai gargaɗi, Malam. Rigar nan haɗe ƙafafu biyu take yi wuri guda. Wanda duk ya saya, gaya masa kada ya bar yaro ya shiga kogi ko kududdufi da ita. Rai ba a sayensa a kasuwa.

Allah ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.