Gyaran Jimlar Turanci a Bakin Ƙannenmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Kowa a nan ya san cewa yaro ba ya samun shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu, ko jarrabawar WAEC ya zauna ko ta NECO, wadda aka fara a shekarar 2000. Sau da yawa yaro ya ci lissafi da kimiyya, Turanci kaɗai ya zaunar da shi gida shekara guda. Idan ka duba takardarsa sai ka tarar kalmomi yana da su, ginin jimla ne ya kayar da shi.

Abu na farko shi ne yaro ya gane sassan jimla. Kowace jimla tana da aikau, wato mai yin aikin, da aikatau, wato aikin da kansa, wani lokaci kuma da karɓau, wanda aikin ya faɗa wa. A “Musa bought a book”, Musa ne aikau, “bought” aikatau, “a book” karɓau. Jerin nan daidai yake da na Hausa: Musa ya sayi littafi. To amma ku lura da “ya” ɗin nan. Hausa tana sa ta bayan suna, Turanci kuwa bai yarda da ita ba. Shi ya sa yaranmu ke rubuta “Musa he bought a book”, su zubar da maki.

Abu na biyu shi ne haɗa ganguna. Ganga rukunin kalmomi ne mai aikau da aikatau nasa. Akwai ganga tsayayye, mai cikakkiyar ma'ana shi kaɗai, akwai kuma dogarau, wanda sai ya jingina da wani. “The rain stopped” tsayayye ne, amma “when the rain stopped” ya bar mai sauraro yana jiran sauran zance. Ana haɗa tsayayyu biyu da “and”, “but”, “or” ko “so”. Waƙafi kaɗai ba ya riƙe su. Dogarau kuwa yakan fara da “because”, “if”, “when” ko “although”.

A nan ne tarkon da ya fi kama yaranmu yake. Mukan ce: ko da yake ya gaji, amma ya zo. Hausa ce daidai. Yaro sai ya ɗauke ta yadda take ya rubuta “Although he was tired, but he came.” Turanci mahaɗi ɗaya yake so a nan, ko “although” ko “but”. Haka kuma “mutumin da na ba shi kuɗi” kan koma “the man I gave him money”, alhali daidai shi ne “the man I gave money to”. Ashe yaron yana tunani daidai ne da harshensa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa inda harsunan biyu suka raba hanya.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ga ƙungiya, mu ware wani abu daga asusunmu don shirya wa 'yan ajin ƙarshe darasin Turanci a lokacin hutu, waɗanda ke koyarwa a cikinmu su ba da lokacinsu. Ga iyaye kuwa, ko sau ɗaya a mako ka sa ɗanka ya rubuta jimla biyar, ya ja layi a ƙarƙashin aikau da aikatau, sannan ya haɗa su bibbiyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamanmu da suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah ya saka musu da alheri.