Rufin Ɗaki: Nawa Zai Ci, Kuma Wa Zai Biya?

 Ina gaishe ku duk inda kuke saurarenmu, musamman ku mutanen Sabon Birni da Isa, da Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle, har zuwa 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka wajen Tsibiri da Maraɗi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau zancenmu a kan rufin ɗaki ne. Na san wata za ta ce, "To ni ina ruwana da rufi, ai wannan maganar maza ce." Hausawa dai sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidajenmu mai ɗakin nan ke ce. Maigida ya fita tun da safe, ke ce ke wuni a ƙarƙashin rufin. Ke ce ke tashi tsakar dare ki janye katifa, ki jera kwanoni da roba kina tarar ruwa, ki ɗauke yara ki mai da su kusurwar da ba ta ɗiga. Kuma ranar da aka ce za a gyara, sau da yawa akuyarki ce ko kwasar adashinki ake fara kallo. Saboda haka ya kamata ki san lissafin, ko da ba ke za ki je kasuwa ba.

Mu fara da rufin ƙasa, wanda muka gada. Mutane na ganin kamar shi ne mai araha, tunda ƙasa ba saye ake yi ba. Amma ba ƙasar ce kuɗin ba, azara ce. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma magina sun fi son ta namijin giginya don ta fi tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi. Giginya kuwa sai ta yi shekaru da dama kafin ta isa sara, ga shi an sare da yawa ba a dasa wasu ba. Har a Nijar, wajen Gaya inda take da yawa, sai da izinin hukuma ake saran ta. Wani abin kuma, azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa ɗaki mai faɗi sai an yi masa baka ko ginshiƙi, kuma ba kowane magini ne ya iya wannan aikin ba a yanzu. Bayan azara ga zana ko asabari, ga leda da ake shimfiɗawa a zamanin nan, ga kuɗin jaki ko amalanke mai ɗauko ƙasa, ga ruwan kwaɓi wanda a wasu unguwannin sai an saya jarka-jarka, ga indararo, ga abincin masu aiki wanda ke ce za ki dafa.

Sannan rufin ƙasa bai san an gama biya ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba, an cire ciyawa, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Iyayenmu da makuba suke yi, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko katsi na marina. Shekarar da aka ce "bari sai baɗi", ita ce shekarar da ruwan Agusta zai jiƙa ƙasar ta yi nauyi, azara ta lanƙwasa. Don Allah 'yar'uwa, in kika ga azara ta yi ciki, ko ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa ba, ko kika ji ƙara-ƙara cikin dare ana ruwa, ki kwashe yara ki koma ɗakin abokiyar zamanki ko zaure. Ba a kunya a wannan wurin. Duk damina sai an ji labarin ɗakin da ya rufta wa mutane, kuma galibi mata da ƙananan yara ne a ciki.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba rufin da ya kai na ƙasa daɗin zama a wannan yanki namu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura, ɗakin soro sanyi gare shi da rana, da hunturu kuma ɗumi. Mu da ke wuni a cikin gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To sai kwano, wanda yanzu kowa shi yake buri. A nan ne ake yawan kuskuren lissafi. Maigida zai tambayi kuɗin bandir, ya ninka, ya ce ai abin bai da yawa. Bandir ɗaya falle 20 ne, kowane falle tsawonsa kamar ƙafa 6. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yakan ci bandir ɗaya da 'yan kai, wani lokaci har ɗaya da rabi, domin dole falle ya hau kan ɗan'uwansa, kuma dole kwanon ya zarce bango. Ciki da falo kuwa ki sa kusan uku. To wannan kwano ne kawai. Ba a zo kan katako ba, manya na ɗaukar nauyi da ƙanana da ake buga kwanon a kai. Ba a zo kan ƙusa ba, ta katako daban, ta kwano mai hula daban. Ga langalanga ko waya ta ɗaure katako da bango, ga baƙin mai ko maganin gara da za a shafa, ga siminti da bulo in za a ɗaga bango ko a yi masa kai, ga kuɗin kafinta da yaransa, ga kuɗin mota. In an tashi daga rufin ƙasa ne za a koma kwano, akwai kuma ladan masu sauke tsohuwar ƙasar da kwashe ta. Idan aka haɗa waɗannan duka, sau da yawa sai su kamo kuɗin kwanon ko su wuce shi. Shi ya sa kike ganin gidaje an sayi kwano an jingine, shekara ta zagayo ba a buga ba.

Ba zan faɗa muku farashi a naira ba, domin abin da na faɗa yau, kafin wata ya kama ya zama tsohon zance. Amma ga dalilin da ya sa kayan suka yi tashin gwauron zabo. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ƙarfen da ake yin kwano da shi yawancinsa daga waje ake shigo da shi, da dala. Katako kuma daga kudancin ƙasar nan manyan motoci ke ɗauko shi, ya iso Sakkwato, sannan a sake ɗora shi a wata motar zuwa nan gabas. Kowane zango da kuɗinsa.

Mu kuma a nan muna da ƙarin namu nauyin da mutanen birni ba su da shi. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta, direba ba ya yarda ya ɗauko kaya zuwa Isa ko Sabon Birni a kan kuɗin da yake karɓa da. An rufe iyaka a 2019 har zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, cinikin da ke tsakaninmu da Maraɗi ya yi rauni. Ba mu manta da watan Mayu na 2020 ba, lokacin da aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, Allah ya jiƙansu. Dubban mutane sun bar gidajensu, wasu sun tsallaka Nijar, wasu sun taru a cikin gari. Ɗakin ƙasa kuwa in ya yi damina biyu ba kowa a ciki, ko ba a ƙone shi ba, rufin ya tafi. Wadda Allah ya nufa ta koma garinsu, shawarata ita ce a rufe ɗaki ɗaya tukuna, ko da jinka ce ta shuci da kara, a samu wurin sa haƙarƙari. Jinka ba abin kunya ba ce, ita kakanninmu suka kwana a ciki. A dai nisanta ta da murhu, kuma a san bayan 'yan shekaru sai an sake baibaya.

In za a sayi kwano, ki gaya wa maigida ya duba kauri. Akwai wanda in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa, kamar gwangwanin madara. Shi ne mai araha, kuma shi ne wanda bayan 'yan damuna zai yi tsatsa ya huje. Araha dai ba ta ado. Gara a rufe ɗaki ɗaya da mai kauri bana, ɗayan ya jira baɗi, da a rufe biyu da wanda za a sake. A kuma lura da kafinta: ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kuma katakon a ɗaure shi da bango sosai, domin iskar farkon damina, ta watan Mayu da Yuni, ba ƙusa take cirewa ba, rufin take ɗagawa gaba ɗaya ta jefa gidan maƙwabta. Jera duwatsu da bulo a kan kwano ba ɗauri ba ne, ranar da iska ta yi ƙarfi su ne za su faɗo kan mutane. In bangon na ƙasa ne, a bar kwanon ya zarce da kyau, kada ruwan da ke sauka ya riƙa cin gindin bango.

Kada kuma a manta da silin. Kwano ba silin a watan bazara tanda ne, kuma ke da jariri ne a ciki. In ba a da halin na kanti, ko zana ko tabarma aka ɗaura a ƙasan kwanon tana rage zafi ƙwarai. A bar taga kuma. Lokacin zafin nan shi ne lokacin sanƙarau, cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka masa yaɗuwa.

Lokacin aiki shi ne rani, daga bayan kaka zuwa kafin bazara ta ƙare. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa zai tarar kowa kafinta yake nema. Ana iya sayen kaya kaɗan-kaɗan: kwano yana ajiyuwa in an ɗora shi kan itace a wurin da ba laima, haka ƙusa. Siminti ne ba ya jira, sai ranar aiki ta matso. Abin da ba na so shi ne a buɗe rumbu a sayar da gero da kaka, lokacin da ya fi araha, don a sayi kwano, sannan a dawo da damina ana awo da tsada. In akwai rago, a bar shi ya kai gab da Babbar Salla.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. A shari'a, matsuguni yana cikin haƙƙin da ke kan miji, kamar ci da sha da tufa. Dukiyar mace kuwa tata ce, kuɗin ƙuli-ƙulinki da man gyaɗarki da furarki, da abin da kika gada, ba wanda ke da iko da su sai ke. Wannan bai hana ki taimaka ba. Zamanin nan ya yi wa maza da yawa nauyi, wani gonarsa ma ba ya iya zuwa, kuma matar da ta rufa wa mijinta asiri tana da lada. Amma ki san me kike yi tun farko. Kyauta ce ko rance? In kyauta ce, ki bayar da zuciya ɗaya, kada ki riƙa gori duk ranar da aka saɓa. In rance ne, ki faɗa da bakinki, cikin ladabi, a samu shaidu, a rubuta ko da a takardar littafin ɗan makaranta ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ba ta kuma ware mata da miji ba.

Me ya sa nake nanata wannan? Domin kwano in ya hau ɗaki ya zama na gida. Ba gado ba ne ko kabad da za ki sa a ɗauko miki in aure ya ƙare. Wata ta sayar da awakinta uku ta rufe ɗaki, bayan shekara biyu ta fita, amarya ta shiga ta kwanta a ƙarƙashin kwanonta. Ta je gaban alƙali, ya ce ina shaida, babu. In kuma rasuwa ce, gidan zai shiga gado. Rabon mata in akwai 'ya'ya sumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, kuma in ku biyu ne ko huɗu, wannan ɗin za ku raba. Amma bashi, shi ake fara cirewa kafin a raba komai. Kin ga ke nan 'yar takardar nan ita ce bambancin a mayar miki da kuɗinki cif, da kuma ki zauna kina kallo ana raba su da dangin da ba su san lokacin da kike tarar ruwa da kwano ba.

Ku kuma maza da na san kuna saurare daga zaure, in an samu halin rufe ɗaki ɗaya ne kawai, a duba wanda ya fi lalacewa, ba na wadda aka fi so ba. In na amarya aka yi wa sabon kwano, na uwargida da yara shida yana yoyo, to ba rufi aka yi ba, wuta aka kunna. In ma ɗayar ce ta sa kuɗinta aka rufe nata, a faɗa a fili kowa ya sani, don kada ɗayar ta ɗauka fifiko aka yi.

Kafin mako mai zuwa, ina so kowace ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakinta da rana tsaka. In kwano ne, ki rufe ƙofa da taga, duk inda kika ga haske na shigowa, nan ruwa zai shigo. In na ƙasa ne, ki sa yaro babba ya ƙwanƙwasa azara da sanda, wadda ta yi ƙarar fanko gara ta gama da ita. Ki ƙirga su, ki gaya wa maigida adadin bayan ya ci abinci ya huta.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.