Jawabi Kan Zanen Shuɗin Kwale-kwale

Shugaban ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

Da yawanku za ku tuna hoton nan da malaminmu na zane ya liƙa a bangon aji: mutum biyu cikin shuɗin kwale-kwale, daji ya kewaye su. Mun sha yi masa dariya, wai masunta ne da suka rasa kifi. Allah Ya yafe mana ƙuruciya!

Zanen wani Ba'amurke ne, Winslow Homer, ya yi shi da fentin ruwa a 1892, yana kuma ajiye a gidan adana zane-zane na Boston. Dajin shi ne Adirondack, a jihar Niyok. Ruwan a kwance yake, mutanen ba sa gaggawa, har mai kallo ya ji kamar ya rage murya. Amma a ganina natsuwar nan da fargaba a cikinta. A lokacin masu saran katako suna cin dajin ba ƙaƙƙautawa, kuma a shekarar ce jihar ta shata masa iyaka don kare shi. Ke nan mai zanen yana kallon abin da ake tsoron rasawa ne.

Na ziyarci makarantarmu bana. Ɗakin zane ya zama sito, hoton ma babu shi. Ina roƙon ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin gudummawa a sayo fenti, burushi da takarda kafin zangon karatu mai zuwa. Ni zan fara da takardar.