Ɓera Baƙon Hunturu: Jawabi Ga Jama'ar Kagoro Da Kewaye



Abin da ya kawo mu yau shi ne maganar wani baƙo wanda ba a gayyatarsa, amma kowace shekara sai ya zo tare da iskar hunturu, watau ɓera. Da damina abincinsa yana gona, maɓoyarsa kuwa ciyawa. To, da zarar an kwashe dawa da masara da acca an kai rumbu, ciyawa ta bushe, aka kuma sa wa daji wuta, sai ya rasa ci, ya rasa wurin kwana. Daga nan sai ya biyo hatsi har cikin gida, inda ya tarad da ɗumi da abinci.

Yawancinmu mun ɗauki ɓera ɓarawon hatsi ne kurum. Alhali kuwa ɓarnarsa ta wuce nan. Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, tsakanin 16 zuwa 24, wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. Shi ba ta yi masa lahani, amma tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. Duk abinci ko ruwa ko kwanon da ya taɓa yana iya zama hanyar cuta ga mutum. Tun da yake ba kowa ke iya bambanta wannan ɓera da saura ba, lalle ne mu ɗauki kowane ɓera abokin gāba.

Wannan cuta ba labarin nesa ba ce. A watan Janairu na 1969 aka fara gane ta, sa'ad da wata ma'aikaciyar jinya ta kamu a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, nan kusa da mu, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, har ta ɗauke likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup. Ku lura, duka biyun cikin hunturu ne. Har yau kuwa an fi samun masu kamuwa tsakanin Disamba da Afrilu.

Har yanzu babu allurar rigakafin wannan cuta da aka amince a yi wa jama'a. Saboda haka rigakafinta yana hannunmu, kuma abubuwa huɗu ne.

Na farko, a toshe hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan ɓera. Ramin da yatsa zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera. Maigida ya zaga ɗakunansa da rumbunsa, ya cike kowace kafa da duwatsu ƙanana, ya yaɓe da ƙasa ko siminti. A duba ƙarƙashin ƙyaure da bakin jinka. Rumbu kuwa a ɗaga shi bisa duwatsu, a nisanta shi da ɗakin kwana, a kuma tabbata murfinsa ya zauna daram.

Na biyu, a rufe abinci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayenmu mata, kada tuwo ya kwana a buɗe, kada randa ta zauna ba murfi. Gari da gyaɗa da wake a zuba su cikin tukunya ko garwa mai marufi. Mu da Allah ya albarkata da duwatsu, mun saba shanya hatsi da rogo bisa falale ko bakin hanya, wani lokaci har su kwana. A daina wannan. A shanya bisa tebur ko rumfa, a kwashe kafin faɗuwar rana. Ranar 1 ga Janairu, lokacin bikin Afan, gidaje kan cika da baƙi, abinci ya yawaita. A wanke kwanuka a daren, a kai ragowa rami nesa da gida.

Na uku, a share kewaye. A nome ciyawar bayan gida, a janye tarin kara da itace daga jikin bango, a binne shara ko a ƙone ta. Inda aka ga kashin ɓera, a yayyafa ruwa da sabulu ko bilic kafin shara, don kada ƙura ta tashi a shaƙa. A riƙa fid da tabarma da katifa da bargo rana, wannan zai rage kuɗin cizo da kyankyasai su ma.

Na huɗu, a yi hankali wajen kashe shi. Tarko da kyanwa sun fi guba aminci, domin guba kan halaka yara da kaji. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu, a sa shebur a binne shi da zurfi. A hana yara farautar ɓeraye bayan ƙunar daji, a kuma bar cin namansu ɗungum.

In kuwa wani ya kamu fa? Alamun kan bayyana cikin mako uku: zazzaɓi, da ciwon kai, da ciwon maƙogwaro, da amai, da kasala. Da farko ta kan yi kama da zazzaɓin cizon sauro. Idan an sha maganinsa kwana biyu ba sauƙi, a garzaya asibiti, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kasuwa. Wanda ya je da wuri ya fi samun tsira. Mace mai tsohon ciki ta fi kowa shiga hatsari, kuma wajen mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka warke kan sami ciwon kurunta. Masu jinya su guji taɓa jini da amai da fitsarin majiyyaci, su yawaita wanke hannu da sabulu. In an yi rashi, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci shirya gawa.

Jama'a, ɓera bai san iyakar gida ba. In kai ka toshe, maƙwabcinka bai toshe ba, aikin bai cika ba. Saboda haka muna roƙon masu unguwanni su sa ranar aikin gayya kafin sanyi ya kankama, duba-gari kuma su zaga su taimaka da shawara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.