In injin mota ya yi zafi, direba ya tsaya

Ga jawabin da wani tsohon makanike ya yi wa direbobi da karnukan mota masu zuwa karatun yaƙi da jahilci.



Bazara ta kama. Cikin watan Afrilu da na Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. Lokacin nan ne ake ganin motoci tsaye bakin babbar hanya, tun daga Yamai har Dosso, da Dogon Dutsi, da Ƙonni. Da yawa daga cikinsu zafi ne ya kashe injinsu.

Injin yana ƙona mai, shi ya sa yake zafi. Ruwa ne ke sanyaya shi. Famfo yana tura ruwa cikin injin. Ruwan ya ɗauko zafi ya kai shi radiyater, wanda wasu ke ce ma lagireto. Can iska da fanka ke hura shi, ya huce, ya koma. Injin mai lafiya yana aiki wajen digiri 90.

Gaban direba akwai allurar zafi. In ta doshi ja, ko jar fitila ta kama, direba ya ratse ya kashe mota nan take. Kada ya ce bari ya kai garin gaba. Kilomita 2 ko 3 sun isa su lanƙwasa kan injin, wato kilas.

Kada karen mota ya yi gaggawar buɗe murfin radiyater. Ruwa cikin tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma murfin radiyater yana matse ruwa, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In an buɗe, sai ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30. Kuma kada a watsa ruwan sanyi bisa injin mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. In wani ya ƙone, a yi ta zuba ma wurin ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a kai shi likita.

In injin ya huce, direba ya bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya:

1. Ruwa. Ya ragu? In ya ragu, akwai inda yake bi. A duba ƙarƙashin mota, da tiyo-tiyo, da bakinsu, da robar murfi.

2. Fuskar radiyater. Ƙura, da ƙaiƙayi, da ƙarangiya, da fara suna toshe ta, iska ba ta wucewa. A wanke ta a hankali.

3. Kuruwa, wato igiyar da ke juya fanka da famfo. Ta saki? Ta tsage? Direban ƙwarai ba ya fita ba tare da wata sabuwa ba.

4. Fanka. In ta lantarki ce kuma ba ta tashi, a duba fis da wayoyi.

5. Famfon ruwa. In yana kuka, ko yana ɗiga, ya gaji.

6. Termosta. Wata ƴar ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya haura digiri 80. In ta maƙale, injin ya yi zafi, amma radiyater na nan da sanyi. Wasu suna cire ta su jefar. Gara a sa sabuwa, don injin da bai ɗumama ba yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa.

Akwai alamu uku da suka fi ƙarfin direba: farin hayaƙi mai kauri daga bututun hayaƙi, kumfa cikin radiyater, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Waɗannan suna nuna juwan kilas ya ƙone. Motar nan sai a ja ta zuwa gareji.

Game da ruwa kuwa, na rijiya yakan ɗauko gishiri da laka, su daskare cikin radiyater, su kawo tsatsa. Ruwan sanyaya injin da ake saidawa cikin jarka ya fi. Amma guba ne, kuma yana da zaƙi. A ɓoye shi nesa da yara da bisashe.

Lodin da ya wuce kima, da yashi, da tafiya da tsakar rana, duk suna ƙara ma injin wahala. Mai mota ya san da wannan kafin ya matsa ma direbansa.

Kowace safiya, kafin a tada mota, direba ya duba ruwa, da mai, da kuruwa. Aikin minti 5 ne. Tiyo ɗaya kuɗinsa kaɗan ne, amma gyaran kilas yana iya cinye ribar watanni, ya bar fasinja da mata da yara cikin rana a daji, ba ruwa ba inuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.