Jawabin Kwamiti a Kan Cimar Tsofaffinmu da Ke Zaune Su Kaɗai

Iyayenmu dattawa, malamai, da 'yan'uwa 'yan cin rani da suka zo daga Kano, Legas, Agadas da Yamai, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tara mu yau shi ne halin tsofaffin da ke zaune su kaɗai a Matameye da ƙauyukan ƙasar Kance. A da gandu ke riƙe da su, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Yau rabon gado ya yanyanka gonaki, samari sun tafi nema, an bar tsoho da 'yar gonar da ba shi da ƙarfin nomewa.

Mutanen nan sun ga yunwar 1973 da 1974. Sun ga ta 1984, wadda aka laƙaba wa El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Sun ga ta 2005, bayan fara da fari. Waɗancan kowa ya san da su, har taimako ya zo. Wannan kuwa ba ta da suna, tana cikin ɗaki, kunya ta rufe ta. Ka tambayi tsohuwa ko ta ci, sai ta ce alhamdu lillahi, alhali tun jiya kwaɗon tafasa ne a cikinta.

'Yan cin rani za su ce suna aiko da kuɗi. Gaskiya ne, Allah ya saka. Amma tun da naira ta faɗi a 2023, abin da ake aikowa daga Kano in an canza shi zuwa sefa ba ya auna tiyoyin da yake aunawa a da. Kuma yawanci sai damina ta yi nisa ake aikowa, lokacin da hatsi ya fi tsada. Ko OPVN ta buɗe sayarwa da rahusa, wane tsoho ne zai iya tsayuwar layi cikin rana?

Sa'an nan hatsi ba tuwo ba ne. Sai an surfa, an kai niƙa, an ɗebo ruwa, an samo itace. Akwai mai buhu a ɗaki da ke kwana da yunwa don hannu ya daina ɗaga taɓarya. Wannan shi muka fi mantawa.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara. Kuɗin taimako a tara shi da kaka, a sayi gero da wake tun suna da araha, a ajiye a ɗakin ƙungiya a hannun mutum uku, da liman a cikinsu. Kowane tsoho a haɗa shi da gidan maƙwabta da za su riƙa dafa masa, a ba su awo duk mako, har da ladan wahalarsu. A kai da dare, kada a tozarta kowa.

Masu unguwanni su kawo sunaye a asirce kafin taro mai zuwa. Wanda zai koma bariki ya ga ma'aji kafin ya hau mota.