Itacen Da Ya Zama Dutse: Jawabi A Taron Shekara Na Ƙungiyarmu

 

Wannan abu da kuke gani a hannuna, in kun dube shi daga nesa sai ku rantse guntun icen girki ne. Ga ɓawo, ga jijiya, har da gurbin reshe. Amma wanda ya ɗaga zai ji nauyin dutse, kuma da za a sa shi a murhu ya kwana, ba zai kama ba.

Na tsince shi ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, lokacin da malaminmu na labarin ƙasa ya kafa mana 'yar ƙungiyar tara duwatsu, ya ɗebe mu a bayan akori-kura zuwa wajen Gundumi a ƙasar Sakkwato. Mun wuni muna bin kwazazzabai da guduma da buhu. Da na kai masa shi, sai ya zaunar da mu a inuwa ya yi bayani. Bishiya ce ta faɗi, ambaliya ta binne ta da yashi da laka tun ba ta ruɓe ba. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da sinadarin silika, wato asalin yashi, shi ne ya dinga shiga ƙofofin icen yana daskarewa, har dutse ya gaji siffar itace. Masana sun ƙiyasta shekarun shimfiɗar duwatsun wurin sun haura miliyan 100. Allah mai iko! A Amurka, a jihar Arizona, akwai dajin da irin waɗannan kututture suke zube, tun 1906 hukuma ta killace shi, kuma ɗaukar ko tsakuwa ɗaya daga ciki laifi ne.

To, kada wani ya koma gona gobe yana tono. Ba za a sami irinsa a ƙasar Ƙaraye da Rogo ba, domin mu a kan tsohon dutsen asali muke zaune, irin falalen da zafin cikin ƙasa ya dafa tun kafin a yi bishiya a duniya. Amma muna da namu. Akwai ƙanƙara, akwai marmara, akwai yumɓun da mata ke gina tukwane, akwai tamar da maƙeran ƙasar Kano suka narka shekaru aru-aru kafin ƙarfen Turawa ya zo. Akwai kuma gatarin aradu da manomi kan ci karo da shi a kunya, wanda a haƙiƙa ba tsawa ce ta jefo shi ba, hannun mutanen farko ne ya wasa shi.

Abin da ke damuna shi ne, na yi shekaru ina shugabancin makarantar firamare, na tara duwatsu cike da kabad biyu, kowanne da takardar sunansa da inda aka samo shi. Da aka yi mini canjin wurin aiki, na koma ziyara na tarar an zuba su a ramin bakin ƙofa don maganin taɓo. Wannan kaɗai ya tsira, saboda yana gida ina danne takardu da shi. Yau yaronmu yana haddace sunayen duwatsu don cin jarrabawa, bai taɓa riƙe ko ɗaya da sani ba. Ita kuwa hanyar Gundumi, rashin tsaron shekarun nan ya sa ba mai kai yaran mutane can.

Saboda haka roƙona ga ƙungiya ƙarami ne. A cikin kasafin bana a ware kuɗin kabad ɗaya mai gilashi da makulli, a ajiye a makarantar garinmu, a damƙa shi a hannun malami guda da za a riƙa tambaya. Ku kuma da kuke yawon duniya, wanda aiki ya kai shi Riruwai ko Jos ya zo mana da kuza, kowa ya rubuto suna da wuri da rana. Ni na fara da wannan, zan miƙa shi ga sakatare kafin in zauna, amma da sharaɗin sai kabad ya iso zai bar hannunsa.